Rasuwar Duduya, Tukunyar Ɗumin Gidan Ortansa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da sanyi ya sandarar, Ortansa Kazaku, mai zama a hawa na uku na dogon benen da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta garin Mediyash, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar tukunyar gas ɗin da ke ɗumama gidanta, wadda aka fi sani da Duduya. Ta cika ranar Lahadi da rana a inda ta yi rayuwarta duka, wato jikin bangon kicin, tsakanin taga da kabad ɗin kwanuka. Ta haura shekara ashirin a duniya.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da ƙorafi. Ita ce mai fara tashi a gidan. Tun kafin gari ya waye za a ji ta ce "cak, cak," sannan ta ja dogon numfashi, "dududu," ɗan shuɗin harshen wutarta ya miƙe a bayan gilashi. Daga wannan gurnanin ne mijin Ortansa, marigayi Gerasim, ya raɗa mata suna. Ruwanta ya wanke 'yarsu Smaranda ranar aurenta, kuma shi ya wanke Gerasim ranar da aka shirya shi zuwa makwancinsa.

Lokacin da Gerasim yake raye, Duduya ba ta taɓa kwanciya ciwo ba. Duk shekara, da ganyen bishiyoyi ya fara zuba, sai ya kira Tudorel mai aikin gas ya zo ya yi mata sabis, alhali lafiyarta ƙalau. Tudorel zai buɗe ƙirjinta, ya goge baƙin hayaƙi, ya wanke hanjin tagullar da ruwa ke dahuwa a ciki, ya duba launin wuta, ya auna hayaƙin da take fitarwa, ya sauya robar da ta fara bushewa tun ba ta tsage ba. Ortansa kan yi mita, wai ana tsokanar lafiyayye. Gerasim kuma yakan ce, "Sabis gaisuwa ce, matar nan, gyara kuwa jinya. Mai yawan zuwa gaisuwa ba kasafai yake zuwa jinya ba."

Gerasim yana da wata ɗabi'a da ta ƙi barinsa. In yana falo da safe yana son kofi, ba ya kiran sunan matarsa. Cokali yake ɗauka ya ƙwanƙwasa ƙarfen ɗumin da ke jikin bango, wanda ruwan zafin Duduya ke zagayawa a ciki, ƙarar ta bi bututu ta same ta a kicin. Ta yi masa faɗa a kan haka har ta gaji. Da ya rasu, sai bututun suka yi tsit.

A hunturu na biyu bayan rasuwarsa, wata safiya Ortansa tana yanka burodi, sai ta ji daga cikin Duduya: "ƙwas, ƙwas, ƙwas." Wuƙar ta suɓuce mata. Ta leƙa falo, babu kowa sai kujeru. Washegari ƙarar ta dawo a daidai wannan lokacin. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta dai koma dafa kofi biyu.

Da kaka ta zagayo, Tudorel ya hau bene da jakar kayan aikinsa ba tare da an kira shi ba. Yana tsaye a bakin ƙofa aka yi ƙwanƙwasar.

"Tanti Ortansa," in ji shi, wato Inna Ortansa, "yaushe ta fara wannan?"

"Ina ruwanka? Ɗumi take bayarwa ko ba ta bayarwa?"

"Farin dutsen da ruwa ke bari ne ya taru a cikinta. Ruwan ne ke tafasa a ƙarƙashinsa yana bugawa. Ki ba ni safiya ɗaya in wanke ta, ba za ki ƙara jin ƙarar nan ba."

"Ba zan ƙara ji ba?"

"Ko kaɗan."

"To ɗauki jakarka, ɗan nan. Ka gaida uwarka."

"Tanti, yau wanki kawai take buƙata. In aka bar ta, gyara za ta nema, gyaran ma in an yi sa'a."

"Kai da nake goge wa majina a matattakalar nan, yau kai ne za ka koya mini zama da abin gidana?"

Ta rufe ƙofa. Shekarar da ta biyo baya ma ya dawo, ta amsa masa ta ramin makulli.

Ciwon ajali ya zo a hankali. Marigayiya ta fara zubar da ruwa ɗigo-ɗigo, Ortansa ta tara mata kwano. Shuɗin wutarta ya koma rawaya, yana rangaji kamar kyandir a coci. Gilashin taga ya riƙa yin gumi. Ortansa ta fara tashi da ciwon kai, ta ce tsufa ne. Saboda tsananin sanyin bana har ta toshe kafar iskar da ke ƙasan taga da tsohuwar safa.

Ranar Lahadin, bayan ta dawo daga coci, ta ɗora miyar kabeji ta zauna. Ƙwanƙwasar ta zo da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba. Jikinta ya yi nauyi, wani barci mai daɗi ya fara jan ta. Da ta ɗaga kai sai ga Gerasim zaune a kujerar da ke kusa da taga, sanye da rigar sanyinsa mai ruwan toka, yana kallon ta.

Veta, maƙwabciyarta ta hawa na biyu, ita ce ta hau karɓar kwanonta. Ta buga ƙofa shiru, ta buɗe da makullin da aka ba ta ajiya. Ta tarar da Ortansa ta kifa kai a tebur tana murmushi. Ta wangale tagogi, ta ja ta har matattakala tana kururuwa. Da Ortansa ta farfaɗo, abin da ta fara cewa shi ne, "Veta, kin buɗe taga ya fita."

Tudorel ya zo ya rufe gas, ya buɗe ƙirjin marigayiya. Hanjin tagullar ya tsage, hanyar hayaƙi ta toshe, gubar da ba a ganinta, ba a jin warinta, ta cika kicin. Ya ce abin ya wuce sabis, ya wuce gyara, domin an daɗe da daina ƙera kayan irinta. Ortansa tana naɗe cikin bargo ta tambaye shi, "Da na bari ka wanke ta, da zai zo?" Ya ce, "Wa, Tanti?"

Marigayiya ta bar ƙarafunan ɗumi biyar, duk sun yi sanyi kamar dutsen kabari, da famfon wanka wanda yanzu ruwan ƙanƙara kaɗai yake bayarwa, da kuma uwar ɗakinta Ortansa, wadda 'yarta Smaranda ta taso daga birnin Torino don ta tafi da ita, kuma 'yar ta rantse ba za ta koma ita kaɗai ba.

Za a sauke gawar daga bango ranar Alhamis da hantsi. Tudorel da ƙaninsa ne za su ɗauke ta zuwa motar masu sayen tsohon ƙarfe. Daga nan za a tsiyaye ruwan bututun gidan kaf don kada ƙanƙara ta fasa su, a bar makulli wurin Veta. Za a raba dafaffiyar alkama mai zuma, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Masu ta'aziyya su zo da rigunan sanyinsu, kada su cire. Kujeru ba za su ishi kowa ba, amma Ortansa ta roƙi arziki: ta kusa da taga, kada kowa ya zauna a kai.