Takarda Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban iyayen yara a wata firamaren gwamnati a Azare, na yi wa kaina tonon silili da bakina.

Aikina auna karatun ɗalibai ne. Mukan ba yara gwaji, mu duba, mu rubuta rahoto. Ƙa'idarmu ita ce ba a sa suna a takarda, sai lamba. Jerin sunayen yana cikin ambulan a hannun hedimasta. (Ni na fi kowa nanata wannan, har abokan aiki suka laƙaba mini Hajiya Ƙa'ida.)

Ranar taron iyaye da malamai na ci kwalliya, na zo da baki cike da bayani. Cikin takardun 'yan aji huɗu na zaro wadda ta fi ba ni haushi, mai lamba arba'in da bakwai, na ɗaga sama. Jimla biyar aka ce a rubuta, an yi ɗaya da rabi, sauran filin an cike shi da zanen kaza da 'yan tsakinta.

"Wannan ba laifin malami ba ne," na ce, "laifin gida ne. Akwai uwar da ba ta taɓa buɗe jakar ɗanta ba."

Hedimasta, wani dattijo mai sanyin magana, ya gyara murya. "Hajiya, da an bar wannan sai mun koma ofis."

Na ɗauka makarantarsa yake rufa wa asiri, sai na ƙara zaƙewa. "Malam, a ba ni ambulan ɗin. Gara uwar ta ji yau."

"Ƙa'idarku fa, Hajiya?"

"Yau dai a ɗaga mata ƙafa."

Ya miƙo. Na bi jerin da yatsa, na karanta da ƙarfi tun kafin kaina ya gane abin da bakina yake faɗa. Nafisa ce, 'yata ta cikina, ga sunan babanta a gefe. Wata maƙwabciyata da ke cikin iyayen ta tura baki cikin hijabi tana ƙunshe dariya. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Hedimasta ne ya cece ni, ya ce a yi addu'ar tashi.

Da na koma gida na tambayi Nafisa dalilin zanen. Ta ce, "Ai an ce ke za ki duba, Mama, shi ne na yi miki kazarmu. Kin gane ta?"

Ban gane ta ba. Na je har Disina da Dambam auna 'ya'yan mutane, amma ban san rubutun 'yata ba. Yanzu kullum da yamma jakarta nake fara buɗewa. Mun kai jimla huɗu. Kazar kuma na ce ta ci gaba da zuwa, amma a bayan takarda.