Ranar da Na Gaida Surukina a Kwance

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na hau tudun Fagam a kan keke, na je na zubar da mutuncin da na yi shekara goma sha ɗaya ina tarawa a garin surukaina.

Tumbi ne ya ja mini. Ni malamin makaranta ne a Birnin Kudu, kuma tuwon dare ya yi mini aikin da har maɓallan rigata suka fara neman agaji. Abokina Malam Sabo, wanda yake da 'yar ƙungiyar masu hawan keke su biyar, ya ce in shigo cikinsu. Ya raka ni Kano muka sayo keken tsere na gwanjo, siriri marar nauyi, da hular kwano, da tabarau, da wani wando iya gwiwa mai manne wa jiki kamar an shafa shi. Sai kuma takalmi mai ƙarfe a tafinsa, wanda yake maƙalewa a jikin feda. Da ka taka ya ce ƙas, to kai da keke kun zama abu ɗaya. In za ka sauka sai ka murɗa diddige waje, sannan ya sake ka. (Malam Sabo ya maimaita mini wannan sau uku. Na ce masa ni nake koyar da mutane, ba a koya mini abu sau biyu.)

Wata biyu muna zagaye a shimfiɗaɗɗen titi, na fara jin kaina. Ran nan Malam Sabo ya ce lokaci ya yi da za mu gwada ƙafa a hawa: mu tashi da sassafe mu nufi Gwaram, daga nan mu bi ta wajen Fagam, inda hanya take hawa tsakanin duwatsu. Ni na fara ɗaga hannu.

Matsala ɗaya ce. A ƙarshen wannan hawan akwai wani ƙauye, kuma nan ne garin su Hadiza, matata. Mahaifinta, Baba Alhaji, dattijo ne mai shanu da gona, marar yawan magana, wanda duk inda ya zauna yakan ce surukinsa na Birnin Kudu mutum ne mai natsuwa. Wannan shaidar tasa na fi ji da ita a kan takardun makarantata. A garin kuwa ba a wuce majalisar dattawa a kan keke. Sauka ake yi, a tura, a gaida su. Suruki kuma har takalmi yake cirewa ya durƙusa.

Hadiza ta dube ni da safen nan tun daga hula har takalmi, ta ce, "Baban Walida, da wannan wandon za ka bi ta garinmu?"

Na ce, "Wucewa kawai za mu yi a guje. Da hula da tabarau wa zai gane ni?"

"To ka saka dogon wando a leda ka ɗaura a baya."

"Masu tsere ba sa ɗaukar kaya."

Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta koma kan kokonta tana murmushi. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Tafiyar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Damina ta zo ƙarshe, dawa ta yi kai hagu da dama, iska mai sanyi tana dukan fuska. Muka wuce makiyaya da shanunsu, matan da ke ɗauke da ƙoren nono suna tsayawa su kalle mu suna dariya. A Gwaram muka sha shayi, na cika baki cewa ni zan fara kaiwa saman tudun. Zuciyata fari tas, ji nake kamar na koma ɗan shekara ashirin.

Sai hawa ya fara. Da farko a hankali, kamar wasa. Na sauke giyar keken ɗaya, na sauke ta biyu, na ci gaba da saukewa har na laluba na ji babu saura. Su Malam Sabo suka yi ta ƙanƙancewa a gabana har suka ɓace a kwana. Numfashina ya koma irin na zugazugin maƙera, gumi yana shiga mini ido. Wata akuya da ke kiwo a gefen hanya ta jera da ni na ɗan lokaci, ta gaji ta wuce ni. (Wallahi har waiwayowa ta yi.)

A nan dabarata ta rushe. Na shirya wucewa a guje, ga shi mai tafiya da ƙafa ma ya fi ni sauri. Ƙari a kan haka, wucewar abokaina biyar da kayansu masu launi ta fito da rabin garin bakin hanya. Ina ƙarasa hawan na hango wata tsamiya a bakin hanya, da tabarmi a ƙarƙashinta, da dattawa kusan goma. Baba Alhaji yana tsakiya da carbinsa.

Na sunkuyar da kai, na ce Allah ka rufa asiri. Saura 'yan taku in wuce, sai na ji muryar wani tsoho tar: "Alhaji, wancan ba surukinka ba ne?"

Gaba kura, baya sayaki. In na wuce, na zama surukin da ya keta majalisa a kan keke bai ce uffan ba. In na tsaya, ga wando. Tarbiyya ta rinjayi dabara, hannuna ya damƙe birki, na ɗaga ƙafa zan sauka kamar yadda nake yi tun ina yaro.

Ƙafa ta ƙi tasowa. Na ja ta dama, na ja ta hagu, kamar an buga su da ƙusa. Maganar diddigen nan da aka faɗa mini sau uku ta gudu daga kaina. Keken ya tsaya cak, ya yi ɗan tunani, sannan ya fara karkata. A hankali na tafi, har na samu lokacin kallon fuskar kowane dattijo ɗaya bayan ɗaya, kafin na zube a kan yashi daidai bakin tabarmar Baba, ƙafafuna manne da feda, tayar baya tana juyawa.

Dattawa suka zuba mini ido. Ni kuma, don kada a ce ban gaida manya ba, daga kwancen na ce, "Barka da hantsi, Baba."

Bawan Allah ko gezau. Ya ce, "Barka kadai, Malam. Ya hanya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya iyali? Ya su Walida?"

"Suna gaishe ku."

"Madalla. Ya aiki?"

Sai da ya kai gaisuwar nan ƙarshenta, bai rage ko ɗaya ba, sannan ya ce a ɗaga ni. Dattawa biyu suka kama kafaɗuna, ɗaya ya kama keken, aka ja, muka taso tare. Da abin ya gagara, wani ya kwance igiyar takalman aka zaro ni daga ciki, takalma suka zauna a kan feda abinsu. Ko ba komai na cire takalmi a gaban suruki. Amma miƙewar da na yi ce ta bayyana wandon a fili. Baba ya kau da kai, ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na zura rigar, na durƙusa, hular kwano tana kaina. Sannan ya ce, "Na aurar da 'ya'ya mata shida. Surukaina duk durƙusawa suke yi. Wannan ne kaɗai ya kwanta mini, shi da abin hawansa."

Majalisa ta fashe. Baba da ban taɓa ganin haƙorinsa ba ya yi dariya har da share hawaye, ni ma na bi su, don ba ni da wata mafita. Aka kawo fura da nono mai sanyi. Su Malam Sabo suka dawo nemana, suka tarar da ni cikin babbar riga, ba takalmi, ina shan fura da ludayi. Baba ya ɗaga keken da yatsa biyu, ya jinjina, ya ce, "Abu ba nauyi. Amma keken da ba ya barin mai shi ya sauka ya gaida mutane, ai shi yake hawan mai shi."

A motar haya na koma gida, keke a saman but. Ina sallama Hadiza ta fito riƙe da waya, ta ce, "Sannu da zuwa, mai natsuwa. Inna ta ce a tambaye ka ya haƙarƙari." A hannunta ɗaya kuma ga dogon wandon nan a ninke cikin leda.

Har yau ina hawa tudun, kuma yanzu ba akuyar da take wuce ni. Rigar tana wurina, Baba ya ce in riƙe don gaba. Abin da na koya bai da yawa: in matarka ta ce ka ɗauki wando, ka ɗauka. Kuma tun daga nesa, da na hango tsamiyar nan, nake murɗa diddige.