Sunan Wa Za a Sa wa Rijiyar?

"Lahiya lau, sai ta ganinka. Shigo mana, bawana, ko siminti ya riƙe maka ƙahwa?"

Haka Indo ta amsa gaisuwar Alhaji Labaran, ko tabarma ba ta shimfiɗa masa ba. Taubasai ne, ita 'yar namiji shi ɗan mace, don haka tun suna yara bawa take kiransa, kuma zuwa Makka da sayen tifa ba su 'yanta shi ba. Sai dai zolayar yau da ɗaci a ƙarƙashinta.

A shekarun nan da kuɗin fetur ya cika birane, unguwarsu da ke gefen Mabai ta gaji da jiran rijiyar gwamnati. Ba wanda aka aza wa haraji. Mai unguwa cewa ya yi kowa ya kawo abin da ransa ya ba shi. Wani ya kawo damin gero, wani akuya, samari suka yi gayyar haƙa, mata suka dama fura. Indo ta ba da fili, gonar kuɓewarta, inda marigayi mijinta Malam Gide ya fara haƙa shi kaɗai har ajali ya riske shi bai tarar da ruwa ba. Labaran kuwa siminti ya sauke da tifarsa ya kama gabansa. Ga shi gobe za a buɗe, kuma tuni maroƙi ke yawo yana shelar Rijiyar Alhaji Labaran. Kishi ne ke cin Indo, mai zafi kuwa, don sunan mijinta take so a sa.

Labaran ya jawo kujera ya zauna. "Na zo gayyatarki buɗe rijiyata. Ki dai yi wanka, kar ki kore mani baƙi."

"Rijiyarka? Kai da ko ramin gyare ba ka taɓa haƙawa ba. Ran da aka kai ga laka kana Sheme kana cin tsire."

"Ke kau da hurarki mai tsami kin kusa kashe mahaƙa. Ba don simintina ba, damina guda ta ruhta."

Ta tuna masa cewa duk abin da bawa ya mallaka na uwargijiyarsa ne, tifar, simintin, har haƙorin Makkan da yake ta washewa. Ya ce ya yarda, in tifar ta kafe a hanyar Yankara ta zo ta tura abarta. Sannan ya kanne ido ɗaya, irin na wanda ya shirya mugunta tun daga gida.

"To, uwargijiya, sunan wa kike so a sa? Hwaɗi da bakinki, in kin hwaɗa na janye."

Ya san inda ya taɓa. Mace irin Indo ba ta kiran sunan mijinta, yana raye ko ya rasu. Ko jikan maƙwabta mai wannan suna, Mai Sunan Malam take ce masa.

"Na Malam."

"Wane? Malamai sun hi kaji yawa garin ga."

"Mai gidan ga."

"Ni daga ke sai akuya nike gani."

"Wanda ya hwara haƙar, ɗan nema."

"Ban san shi ba."

Indo ta buɗe baki da niyyar ta faɗa a wuce wurin. Sunan ya zo har leɓe ya ƙi fita. Ta ga rijiyar na neman kuɓuce wa mijinta a kan kunyar da shi take yi wa, sai idonta ya cicciko. Zagi ya ƙare mata, abin da Labaran bai taɓa gani ba.

Ya yi 'yar dariya ya kaɗa kai. "Ni ma kishin nike, wallahi. Mutum na ƙasa har yau ana jin kunyarshi, ni ina raye gidana ana kiran sunana kamar na ɗan akuya. Kin ci, tsohuwa."

Ya tashi ya tsaya ƙofar zaure, ya ɗaga murya yadda na bakin masallaci za su ji: "Jama'a, gobe a hito buɗe Rijiyar Malam Gide!"

Indo ta ja mayafi ta rufe fuska kamar amarya. Daga cikin mayafin ta ce, "Murya kamar ta jaki. Ƙara hwaɗi, bawa, na bayan gari ba su ji ba."