Rasuwar Dama da Hagu, Takalman Hawana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu biyu da suka rasa inda za su shiga, ni Glenna Tuttle ta garin Moab nake sanar da 'yan'uwa masu hawan dutse rasuwar takalmana, Dama da Hagu, waɗanda suka cika a makon jiya bayan doguwar jinya. Sun yi shekaru masu yawa a duniya, galibinsu a cikin tsagar dutse.

Ba ni na zaɓe su ba. A can baya ina cikin masu ganin cewa takalmin hawa sai ya matse har yatsu sun dunƙule kafin ya amsa sunansa. Da irin wannan na bi yayana Orrin wani dogon hawa a Zion, mai zango-zango, irin wanda ake wuni a jikin dutse. Duk zangon da muka tsaya sai na cire takalmi ina hawaye, ina ce masa iska ce. Ana cikin haka ɗaya ya suɓuce mini, muna kallo ya tafi ƙasa. Da ƙafa ɗaya tsirara na ƙarasa.

Washegari Orrin ya ƙi kai ni kanti sai la'asar, wai sai ƙafa ta kumbura take faɗin gaskiyar girmanta. Ya sa na saka safa marar kauri, ya zaɓo wasu shimfiɗaɗɗu na fata, masu ɗauri har baki, masu dogon wuya. Ya sa na cusa ƙafa a bakin ƙofar kantin na murɗa kamar a tsagar dutse, mai kanti yana kallonmu. Na ce masa sun yi kama da takalman kakanni.

"Ƙanwata, yatsunki su kwanta a miƙe kawai," in ji shi. "Gayun ki bari sai mun sauka."

Marigayan sun kasance masu haƙuri da rufin asiri. Sun rufe mini idon sawu daga kaifin dutse. Tafinsu yana da tauri, ba su taɓa lanƙwashewa sun bar ni da ciwo ba. Tun daga hantsi har rana ta yi ja nake cikinsu, ban taɓa kwance su a tsakiyar hanya ba. Ba masu surutu ba ne. In na murɗa su a tsaga sai su ce "ƙiiiƙ" a hankali, in kuma na rataye su a ƙugu muna gangarowa sai su riƙa "ƙwas, ƙwas", Orrin yana gaba yana lissafa abin da za mu ci. Ba zan ɓoye ba, suna da wari, kuma ba su iya dutsen da ya rankwafo ba. Ban taɓa riƙe su da wannan ba.

Sun sha kwanciya a wurin Ignacio, mai gyaran takalman 'yan hawa, yana sake musu roba suna tashi. Orrin ne da ciwo ya kama shi bai warke ba. Hannunsa ya fara rawa, har ranar da ya kasa ƙulla igiya a gindin dutse, ya miƙo mini ita. 'Yarsa ta zo ta tafi da shi Duluth, wani gari mai nisa. Tun daga nan ni da marigayan muke fita. Nakan tsaya inda ake ajiye motoci in roƙi matasa su riƙe mini igiya daga ƙasa, don ta tare ni in na suɓuce. Suna da ladabi, sukan ce mini Mama, su riƙe sau ɗaya, sannan su tuna ana jiran su a wani wuri.

Ciwon ajali ya kama Hagu a wurin hawa na Indian Creek. Ina tsakiyar tsaga na ji sanyin dutse a babban yatsana, na duba na ga fata ta yage har gefe. Duk da haka ya kai ni sama. Ignacio ya jujjuya su a hannu, ya ce fatar ta ruɓe, babu inda roba za ta kama. Ya ce Dama zai iya ƙara shekara, na ce a bar shi ya bi ɗan'uwansa.

Na buga wa Orrin waya na gaya masa. Ya yi dariya, ya ce takalmi ne fa, in je in sayi wani. Sai ya daina dariya.

"Hagun ne ya fara, ko?" ya ce. "Kullum ƙafar hagu kike fara cusawa a tsaga. Na sha gaya miki."

Marigayan sun bar jakar allin shafa wa hannu ɗaya, da igiya mai launin ruwan goro, da safa da ta rasa abokiyar zama, da ni. Sun kuma bar magada, sababbi fil, irinsu sak, da na gwada da la'asar ni kaɗai a kanti. Har yanzu suna cikin kwali.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a gindin tsagar da Hagu ya cika. Ba za a binne su a can ba, don ba a barin komai a wurin. Za a dai ajiye su a kan dutse su sha rana, sannan in mayar da su gida. Akwai kofi a bayan motata, farar a-kori-kura mai fasasshen madubi, da burodin masara. Ba a bukatar furanni.

Wanda duk zai zo, ya taho da kayan hawa da shirin wuni. Ni ba ni da sauri yanzu, amma ba na faɗuwa, kuma na iya riƙe wa mutum igiya. Zan jira har azahar.