Yadda Za Ka Mai da Hancin Motar Tsere na Cirewa Don Kada Ka Taɓa Shiga Tsere

Kai da ka sayi motar tsere a cikin kwalaye, ka haɗa ta da hannunka a garejin gidanka, ka wayi gari ka ga saura ƙiris ta kammala, na san halin da kake ciki. Motar da ta kammala dole a tuƙa ta, kuma a nan gizo ke saƙa. Kwantar da hankalinka. Ni Hedley Marwood, na shekara goma sha tara ina haɗa tawa a ƙauyenmu na Lincolnshire, ina sabunta lasisin tsere duk shekara, taya ɗaya ba ta taɓa taka filin tsere ba. Bi matakan nan bakwai, na ba ka tabbacin za ka tsufa ana kiranka ɗan tsere, haƙoranka cif.

Mataki na ɗaya: Jira sai an yanka maka wa'adi

Kada ka ɓarnatar da dabara tun ba a matsa maka ba. Ni nawa wa'adin ya zo ne da safiyar wata Lahadi, matata Noreen ta shigo gareji da kofin shayi, ruwa na ɗiga daga lemarta.

Ta ce, "Injiniya, shekara nawa ke nan motata na kwana a waje?"

Na ce, "Ai mota ba gishiri ba ce, uwargida."

Ta ce, "Asabar ta farko a Oktoba akwai tsere a tsohon filin jirgin sama. In wannan abar ta shiga, gareji naka ne har ka mutu. In ba ta shiga ba, zan sa ta a kasuwa da hannuna, in shigo da tawa."

Ta ajiye shayin ta fita, ko biskit babu. In ka ga shayi ya zo ba biskit, to maganar ta wuce wasa.

Mataki na biyu: Gano matsala a hanci

Duba gaban motar, wato murfin faiban nan mai kama da roba da ya rufe lagireto. Nawa da noti ashirin da biyu na ɗaure shi, tun shekara ta shida. Yanzu sai ka ɗaure fuska ka sanar da gida cewa ba mai hankalin da zai shiga tsere da hancin da sai an yi awa guda ana kwance shi. 'Yan tseren gaske fil huɗu suke sawa, a zare, a ɗaga, a duba inji, a mayar.

Daɗin wannan hujja shi ne gaskiya ce. Ƙaryar da ta fi daɗewa ita ce wadda aka yi wa ginshiƙi da gaskiya.

Za ka buƙaci shaida. Nawa Clifford ne, maƙwabcina, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda bai taɓa ɗaure ko noti ɗaya ba amma ya san komai. Ya zagaya motar sau biyu, hannu a aljihu, ya ja iska ta tsakanin haƙora ya ce, "Mutumina, wannan aikin wata uku ne." A lokacin saura wata biyu. Na ji kamar in rungume shi.

Mataki na uku: Auna da tef ɗin babanka

Takardar da ta zo da fil ɗin da milimita aka rubuta ta. Kada ka kula ta. Ɗauko tef ɗin marigayi babanka mai inci zalla, ka riƙa juya lissafin da ka, kana yi kana sauraren rediyo. Inda aka ce milimita arba'in, ce inci ɗaya da rabi da ɗan wani abu. Wannan ɗan wani abun shi ne abokin tafiyarka, shi zai cinye maka sati biyu.

An ce a auna sau biyu a yanka sau ɗaya. Ni na auna sau tara, na samu amsa tara, na zaɓi wadda ta fi yi mini kyau a ido.

Mataki na huɗu: Huda

Rami huɗu ake so. Na huda na farko, ya kauce wa ƙarfen da ke ƙasa da faɗin yatsa. Na huda na biyu don in gyara, ya kauce ta ɗaya gefen. Kafin sati ya zagayo hancin yana da rami goma sha ɗaya, ni kuma ina ta susa kamar mai ƙazwa, don garin faiba ba ya barin fata.

Noreen ta leƙo ta ce, "Taliya za a tace a ciki?"

Na ce, "Ramukan shan iska ne. Ba za ki gane ba."

Ta ce, "Haka ne, ni jahila ce. Saura sati uku."

Ka riƙe kalmar shan iska da kyau. Duk ɓarnar da ka yi a jikin motar tsere, ko dai don shan iska ne ko don rage nauyi.

Mataki na biyar: Yi hattara, aikin na iya yin kyau

A nan ne na yi sakaci, kuma ina faɗa maka don kada ka maimaita. In mutum ya yi ta huda, wata rana sai ya dace. Huɗu daga cikin ramukana suka faɗa daidai kan ƙarfe, ban san yadda aka yi ba. Na zura fil, suka shiga sumul. Na zare, hancin ya taso a hannuna ba gardama.

Clifford ya duba agogonsa ya ce, "Daƙiƙa tara! Hedley, ashe dai kai makanike ne!"

Ya ruga ya kira Noreen. Na tsaya riƙe da hancin mota, ina murmushin yaƙe. Shekara goma sha tara ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma saura kwana goma.

Mataki na shida: Manta shi a gida

Abin da ake cirewa ana iya mantawa da shi. Wannan ita ce hikimar da ke ƙarƙashin darasin nan gaba ɗaya.

Ranar tafiya ka ce za ka cire hancin don kada ya ƙuje a tirela. Zagaya bayan gida ka tura shi bayan tulin takin lambu. Lulluɓe motar da tampol tun kafin abokin tafiyarka ya iso. Lissafina shi ne, in masu duba motoci suka hana ni shiga, ai ba ni na ƙi ba, kuma wataƙila Noreen ta tausaya ta ƙara mini shekara guda. Na san ina iya rasa motar a kan haka. Da rasa ta da shiga cikinta, a safiyar nan na zaɓi rasa ta.

Mil casa'in muka yi ni da Clifford. A rumfar duba motoci na yaye tampol, na dafe ƙirji, na ja da baya taku biyu. Na yi atisayen wannan a banɗaki.

Mai dubawa, wani dattijo mai farar riga, ya kalli lagireto tsirara, ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina sauran motar?"

Clifford ya kama kai yana cewa laifinsa ne da bai duba ba. Na dafa kafaɗarsa na ce na yafe masa. Na sayi shayi da burodi da soyayyen ƙwai, na zauna kan tirela, kuma ban taɓa cin abinci mai daɗin wannan ba.

Mataki na bakwai: Kada ka auri mace mai igiyar shanya

Ina cikin lasar yatsa sai na hango ƙaramar motar Noreen ta shigo fili, da wani koren abu ɗaure a kan rufinta da igiyar shanya. Ta tsaya a gabana, ta fito, ta fara kwance ƙulli ba ta ko dube ni ba.

Ta ce, "Na je zubar da ɓawon dankali na tarar da hancin. Har da ganye ka rufa masa, Hedley. Mantuwa ce mai tsari."

Clifford ya tuna cewa yana son shayi, ya yi gaba.

Na ce, "Noreen, tsoro nake ji." Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har ni kaina.

Ta ce, "Na sani tun shekara ta uku."

Na ce, "To da kin yi zamanki a gida ai gareji ya zama naki."

Ta ce, "Ka ɗauka ban yi wannan lissafin ba? Na yi shi tun daga ƙofar gida har nan. Shekara goma sha tara ina goge ƙanƙara a gilashin motata da safe. Ban yi don in sayar wa wani ƙato da motarka ba. Ban ce ka ci ba, so nake in ga ta motsa da kai a ciki. Miƙo fil ɗin."

Suna aljihuna. Ita ta zura su da hannunta, huɗu cif, ta bar sauran bakwai ɗin suna shan iska.

Abin da ya biyo baya ba ya cikin darasi, don haka zan taƙaita. Aka manna mini alamar sabon shiga a baya, rawaya mai baƙin giciye, don jama'a su yi nesa da ni. Aka saki motoci. Duk kwanar da na zo sai an kaɗa mini shuɗiyar tuta, wato ana sanar da ni akwai mai sauri a bayana, har na fara gane fuskokin masu kaɗawar. Na zo na ƙarshe, na gabana ya riga ya cire hular kwano yana shan shayi. Hancin bai ko girgiza ba. Da na tsaya sai na ƙi cire tawa hular na ɗan lokaci, don kuka nake yi a ciki, kuma na daɗi ne.

Aka kafe takardar sakamako. Iyakar guduna a miƙaƙƙen layi mil sittin da takwas a awa. Na kai wa Noreen ina fahari.

Ta duba ta ce, "Sittin da takwas? Sannu da ƙoƙari. Ni da na ga allura ta haura tamanin a babban titi sai na daina dubawa."

Wato hancin motar tserena ya fi gudu a kan rufin motar cefane.

Hattara dai

Duk abin da ya same ka sanadiyyar wannan darasi, kai ka jiyo, ba ruwan Hedley Marwood. Ramin da ya kauce naka ne, ƙaiƙayin faiba naka ne, in an hana ka biskit kai da matarka. Tabbacin da na ba ka a farko ma na janye shi, don bai shafi mutumin da wata ta san shi ciki da bai ba. Gareji dai ya zama nawa, kamar yadda aka yi alkawari. Amma da bakina na ce motar Noreen ce za ta riƙa kwana a ciki. Tawa na waje ƙarƙashin tampol, kuma in an yi ƙanƙara ni ke fita da safe in duba ta.