Ajiyata a Bishiyar Nijar

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka sa mini rana da Hajara ba, domin a shekarar ce na kai mutuncina ƙasar waje na rataye a bishiya.

Lokacin ina malamin firamare a Daddara. Kuɗin fetur ya shigo, an yi mana ƙarin albashi, na sayi babur da wando mai faɗin ƙafa. Komai a ƙasar nan ƙaruwa yake yi, ban da abu guda da nake ganin an rage mini mudu, wato mazakuta. (Babu wanda ya taɓa ce mini haka. Ni na yanke wa kaina hukunci.) Na ji ana cewa a Turai likitoci na yin tiyata su ƙara wa mutum, to amma ina ni ina Turai?

Wani abokina ya raɗa mini labarin wani wanzami a ƙetaren boda, kusa da Dan Isa. Na je. Tsohon ya kai ni gindin wata bishiya da ake kira hantsar giwa, 'ya'yanta na reto dogaye kamar taɓare. Wallahi sai da na cire hula don mamaki. Ya zaɓi wani ɗan ƙarami daga cikin 'ya'yan, ya yi mini tsaga a inda ba a faɗa, ya shafa ruwansa, ya ɗaura masa jan zare.

"Wanga naka ne," in ji shi. "Yana girma kana girma. In ya ishe ka, ka zo ka yanke shi da hannunka. In ka bari, babu ruwana."

Kowace Lahadi sai in leƙa in ga ikon Allah. A jikina ban ga canji ba, amma ɗan bishiya kam sai tafiya yake. Kwaɗayi ya ce in ƙara haƙuri.

Kwatsam aka wayi gari an rufe boda, wai sojoji sun karɓi mulki a Nijar. Na tuna manyan da na gani suna reto, na tuna Hajara. Masu hankali ta daji suke bi su tsallaka. Ni malami ne, sai na nufi shingen Jibiya kai tsaye.

Wurin cike yake da manyan motoci da 'yan kasuwa zaune a inuwa. Wani sajan ya tare ni.

"Malam, ina za ka?"

"Ranka ya daɗe, ajiya gare ni a can."

"Ajiyar mi? Hwaɗi da ƙarhi, ba ni ji."

Na yi kwana-kwana, ya ƙi. Tsoro ya fi ƙarfin kunya, na zayyana masa komai, har da jan zaren. Babu wanda ya yi dariya da fari, kallona kawai suke, wasu ma ba fuskata suke kallo ba. Wani direba ya ce, "Subhanallahi! Malam, yanzu ya kai ina?"

A nan na ji gyaran murya a bayana. Alhaji ne, mahaifin Hajara, zaune kan buhunan wakensa. Mutumin da ko sunansa ba na iya faɗa, wanda nake sake hanya in na hango shi. Na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni," da hantsi tsaka. Na tura babur ɗina har gida, na manta ana hawansa. Na tabbata maganar aure ta mutu.

Bayan an buɗe boda, sai ga ƙanin Alhaji da wani abu a kafaɗa, naɗe cikin tabarma. Ya warware. Tsawonsa ya kai hannuna tun daga kafaɗa, ga jan zaren ya nutse a wuyansa. Na tsaya ina tasbihi, ban san ko na tsoro ne ko na godiya ba.

"Alhaji ya ce a hwaɗa maka an yanke, ka kwantar da hankalinka," in ji shi. "Ya ce kuma ɗiyarshi mutum ya ba, ba icce ba."

An ɗaura aure. Ni dai yadda Allah ya yi ni haka nake har yau, ga jikoki cike da gida. Abin da na koya shi ne, mudun da Allah ya auna maka ka riƙe shi a gida. In ka kai shi ajiya ƙetare, ranar ɗaukowa surukinka na zaune a bakin shinge.