Sawun Jini a Kafet ɗin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Zainabu ba, ko da na so in manta, ƙafata ta hagu ba za ta bari ba. Zainabu 'yar ƙanena ce, ni ce babbar gwaggonta, kuma duk danginmu a Minna sun san ba a jere sai da ni. Ni ce mai cewa a matsa da gado, ni ce mai hararar duk wadda ta taɓa labule da hannun maiƙo. (Ina jin daɗin wannan sarauta, ba zan ɓoye muku ba.)

Na daɗe da ciwon suga. Ana saura 'yan kwanaki biki na je asibiti karɓar magani, nas ɗin ta ce in cire takalmi. Ta ɗauko wani siririn tsinken roba kamar zaren kamun kifi, ta ce, "Mama, ki rufe ido. Duk inda kika ji na taɓa a tafin ƙafarki, ki ce kin ji." Na rufe ido ina jira, shiru. Sai na ɗan buɗe ido ɗaya, na ga ashe tuni tsinken yana lanƙwashe a ƙarƙashin babban yatsana, ni ko alama ban ji ba. Amma maimakon in faɗi gaskiya, sai na ci gaba da leƙe ta ƙasan ido, tana taɓawa ina cewa, "Na ji. Nan ma na ji." Kamar wata 'yar firamare mai satar amsa. Tsorona kada ta ce in zauna a gida in huta, a yi jere ba ni.

Ta dube ni kamar ba ta gamsu ba. Ta ce, "Mama, wannan gwajin shi ke nuna mana ƙafar da gyambo zai iya kamawa tun bai zo ba. Ko a tsakar ɗaki kada ki taka ƙasa ba takalmi, kuma kullum ki duba tafin ƙafarki da madubi." Na ce mata to. Ina fita na wuce gidan mai lalle, aka rufe mini tafin ƙafa da jan lalle har gefe. Ko da na duba madubin, me zan gani?

Gidan amarya a Maitumbi yake. Mun haɗa hannu mun saya mata kafet mai ruwan madara, ni na zaɓe shi da kaina. Kafinta ya gama kafa ƙarfen labule ya tafi, aka shimfiɗa kafet, na tsaya a bakin ƙofa na kafa doka: ba mai shiga da takalmi, ko silifas ne. Don in nuna misali, ni na fara tuɓe nawa. Haka na wuni ina zirga-zirga ƙafa tsirara, daga falo zuwa kicin, daga kicin zuwa tsakar gida inda kafinta ya watsar da tarkacensa.

Bayan azahar dangin ango suka iso daga Gwada, sun kawo mana abinci kuma su ga ɗaki. Sun shiga sun zazzauna ke nan, na shigo daga kicin, idona ya sauka a kan wasu jajayen tabo a kafet. Raina ya ɓaci. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Wace ce ta zubar mana da zoɓo? Kafet ko kwana bai yi ba! In mutum bai saba da irin wannan ɗaki ba, ai sai ya tsaya a waje." Kowa ya san da wa nake.

Ban tsaya nan ba. Na fara bin tabon ɗaya bayan ɗaya ina nunawa da yatsa, ina cewa ga shi nan, ga wani nan. Na zagaya falon kaf, ina juyowa na ga tabon sun ƙaru a bayana, sababbi, jiƙaƙƙu.

Yayar mahaifiyar ango, wata dattijuwa da ake kira Mama Laraba, ita ta taso. Ba ta rama ba. Ta kama hannuna ta ce a hankali, cikin Hausarta da ba ta gama nuna ba, "Hajiya, zauna. Ba zobo ba ne. Kafanka ne yana jini."

Ta zaunar da ni, ta ɗaga ƙafar a gaban kowa. 'Yar ƙaramar ƙusa ce ta kafinta, ta nutse a ƙarƙashin babban yatsa har kanta ya shafe cikin lalle. Allah kaɗai ya san tun yaushe nake yawo da ita. Matan da na gama zagi su suka kawo ruwa, ɗaya ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure mini. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mama Laraba ta ce, "A kai shi asibiti yanzu." Na ce ba komai, ai ko zafi ba ya yi.

Kunya ce ta hana ni zuwa. Da wane ido zan kalli nas ɗin da na yi wa ƙarya? Na riƙa gasa wurin da ruwan zafi da gishiri, ruwan da ban ma san iya zafinsa ba, na sa safa na ci gaba da hidimar biki. Kafin a watse ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ni, sai wari. Zainabu da kanta, amarya ko fita ba ta fara ba, ta tari keke mai ƙafa uku ta kai ni asibiti tana kuka tana cewa, "Gwaggo, me ya sa ba ki faɗa ba?" Likita ya ce yatsan ya riga ya mutu, in ba a cire shi ba ƙafar ce za ta bi. Aka cire. Na yi kuka sosai, kuma ba na zafi ba ne.

Da na koma asibiti nas ɗin ba ta yi mini gori ba, tsinkenta kawai ta ɗauko. Wannan karon na runtse ido gam. Ta daɗe tana taɓawa, ban ce na ji ba, don ban ji ɗin ba.

Yanzu ina kallon tafin ƙafata a madubi fiye da yadda nake kallon fuskata, na bar lallen ƙafa, kuma duk gidan da na shiga da silifas ɗina nake shiga, mai harara ta harara. Na koyi cewa in za ki yi wa mai duba lafiyarki wayo, ki fara tambayar kanki da jikin wa za a biya. Kafet ɗin Zainabu kuwa an wanke shi ya fita tas, kamar ba a taɓa taka shi ba. Yatsan ne bai dawo ba.